Sir Robert Davis, Mai Jakar Numfashi

Duk wanda ya san Kano a zamanin gyada ya san yadda tsakanin Fagge da Sabon Gari da tashar jirgi ke cika da kaka. Ga raƙuma, ga jakuna, ga motoci, ga masu awo da 'yan dako, ana ɗora buhu bisa buhu har a yi dala. Tun 1912, shekara guda bayan dogo ya iso Kano, gyadar nan ta kan bi jirgin ƙasa tafiyar mil wajen 700 zuwa Ikko, daga can ta shiga jirgin ruwa, ta fita ta wata 'yar ƙuntatacciyar ƙofa inda ruwan Ikko ya haɗu da teku. A watan Mayu na 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-69 ya lallaɓo ya dasa nakiyoyi a bakin ƙofar nan. Ran 4 ga Yuni sai wani jirgin yashe rairayi mai suna Robert Hughes ya faɗa wa guda, ya nutse. Da a ce nakiyoyin sun toshe ƙofar, da manomin Dawakin Tofa da ɗan kasuwar Fagge sun ji a jikinsu, ko da ya ke ba su taɓa ganin teku ba. Sojanmu da suka tafi Burma a 1943 da 1944 su ma ta ruwa suka bi.

Nakiyar ruwa iri-iri ce. Wata akwai jiragen da a ke share ta da su. Wata kuwa ta kan kwanta cikin laka a gindin tashar jiragen ruwa, ko a maƙale ta a cikin jirgi, inda babu dabara sai mutum ya nutsa ya laluɓo ta da hannunsa. Mutumin nan kuma dole ya yi numfashi. Yau muna so mu ba masu karatu labarin wani Bature wanda ya yi shekara kusan 80 bisa tambaya guda, watau yadda ɗan Adam zai yi numfashi a wurin da babu iska.

YARON AIKE

An haifi Robert Henry Davis a birnin Landan ran 6 ga Yuni, 1870. A 1882, yana ɗan shekara 11, aka ɗauke shi yaron aike a kamfanin Siebe Gorman, masu yin kayan nutso, a unguwar Lambeth kusa da kogin Tems. Wanda ya kafa gidan, Augustus Siebe, haifaffen Jamus ne, ya kuwa rasu tun 1872. Shi ne ya gyara rigar nutso irin ta da: kwalkwalin tagulla mai tagogin gilashi, da rigar roba wadda ruwa ba ya shiga, da takalma masu dalma don nauyi, da doguwar mesa wadda mutane a bisa su ke tura wa mai nutso iska ta cikinta da famfo. Rigar tana da kyau, amma mai ita ɗaurarre ne kamar akuya a turke. Iyakar mesa, iyakar tafiyarsa. In ta sarƙe ko ta yanke, shi ke nan.

Shekara biyu kafin Davis ya shiga gidan wani abu ya faru wanda ma'aikatan ba su daina zancensa ba. Wani ma'aikacin jirgin ruwa, Henry Fleuss, ya ƙago wata na'ura a 1878 wadda ba ta bukatar mesa. A 1879 ruwa ya ɓalle cikin ramin da a ke haƙa wa jirgin ƙasa a ƙarƙashin kogin Severn, ya cika shi. Akwai wata ƙofar ƙarfe can ciki, tafiyar ƙafa wajen 1,000, wadda in ba a rufe ta ba ba za a iya kwashe ruwan ba, mesa kuwa ta ƙi jawuwa har can. Sai a 1880 babban mai nutso na kamfanin, Alexander Lambert, ya goya na'urar Fleuss, ya bi ramin cikin baƙin duhu ya rufe ƙofar. Cikin wannan labari yaron aike ya tashi. Ya koyi aikin ofis, ya koyi na maƙera, ya yi ta hawa, har a 1904, bayan rasuwar Gorman, ragamar kamfanin ta koma hannunsa.

YADDA JAKAR KE AIKI

Kafin mu ci gaba ya kamata mu bayyana asirin abin, gama ba shi da wuyar ganewa. Iskar da mu ke shaƙa gauraye ce. Cikin kashi 100, kashi 21 ne kaɗai oksijin, watau iskar da ke riƙe da rai. Kashi 78 wata ce da a ke kira naitirojin, wadda ta ke shiga ta fita ba ta yi wa jiki kome ba. In mutum ya shaƙa ya fitar, kashi 4 ko 5 kurum ya ci daga oksijin ɗin, sauran duk ya busar a banza. A madadin abin da ya ci sai ya fitar da wata gurɓatacciyar iska mai suna kabon dayoksaid. Masu ginan rijiya sun san irinta, don ita ce ta kan taru a gindin tsohuwar rijiya mai zurfi, a zura fitila ta mutu, mutum ya shiga ya sume.

To, dabarar ita ce kada a yar da numfashin. Mutum ya kama bakin mesa da haƙora, ya fitar da numfashinsa cikin jakar roba mai kama da salka a ƙirjinsa. A hanya numfashin ya ratsa wani gwangwani cike da tsakuwoyin farar ƙasa da aka haɗa da soda, su tsotse gurɓatacciyar iskar. Daga wata 'yar kwalbar ƙarfe kuma a ƙara ɗan oksijin da jiki ya ci. Sai mutum ya sake shaƙar numfashinsa na ɗazu, ya zama sabo. Ta haka 'yar kwalba ƙarama ta kan daɗe, kuma kumfa ba ya tashi bisa ruwa balle a san da mutum a ƙasa.

Fleuss da igiyar da aka tsefe aka jiƙa da ruwan toka mai ƙarfi ya fara. A farkon ƙarni na 20 shi da Davis suka haɗa kai suka gyara na'urar, suka sa mata kwalabe masu ɗaukar iska da yawa da makunni mai sakin ta daidai wa daida. Daga nan aka sami wadda a ke kira Proto, mai kai mutum kamar sa'a biyu, da ƙanwarta Salvus, mai kamar rabin sa'a. Tun fari don ceto aka yi su. Masu ceton mahaƙan kwal da 'yan kwana-kwana suka riƙa shiga hayaƙi da su. A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, sojan Ingila masu haƙa ramummuka ƙarƙashin sansanin Jamus da su suka riƙa fid da 'yan'uwansu da iskar nakiya ta kayar.

POSEIDON DA THETIS

Abin da ya fi damun Davis shi ne mutanen jirgin ƙarƙashin ruwa. In irin wannan jirgi ya nutse, mutanensa su kan zauna da ransu cikin akwatin ƙarfe suna jiran iska ta ƙare. Tun 1910 ya fara yi musu wata ƙaramar jaka ta tsira, ya yi ta gyara ta, har a 1929 sojan ruwan Ingila suka karɓe ta. Oksijin ɗinta na kamar rabin sa'a ne. Tana da wani ƙyallen roba da mutum zai miƙa gabansa don kada ya yi sama da sauri, in ya kai bisa kuwa jakar ta zama abin da zai hana shi nutsewa.

Ran 9 ga Yuni, 1931, jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Poseidon ya yi karo da wani jirgin kaya a tekun Sin, ya sauka zurfin ƙafa wajen 130. Mutum takwas da suka maƙale a goshin jirgin, bisa jagorancin wani Patrick Willis, suka sa jakar Davis, suka bar ruwa ya shigo ɗakin da gangan har ƙofa ta buɗu. Shida suka kai sama da rai. Labarin ya gama duniya, a 1932 Sarkin Ingila George na Biyar ya ba Davis lambar girma ta Sir.

Amma ba kullum a ke kwana a gado ba. Ran 1 ga Yuni, 1939, wani sabon jirgi, Thetis, ya nutse wurin gwaji kusa da Libaful da mutum 103 a ciki. Akwai jakunkuna, amma mutum huɗu kaɗai suka fita, 99 suka mutu. Wani shaihin malami, J. B. S. Haldane, ya ɗauki binciken. Ya kulle kansa cikin ɗakin ƙarfe a gidan Davis, ya zauna har iska ta ɓaci kamar yadda ta ɓaci a Thetis. Ya nuna cewa wanda ya daɗe yana shaƙar gurɓatacciyar iska hankalinsa ya kan dushe, in kuma ya sa jaka a wannan hali sai ciwon kai da amai su kama shi. Davis bai rufe ƙofa don an taɓa sunan na'urarsa ba. Ya bar wa malamin tukwanen gwajinsa da ma'aikatansa, wannan kuwa ya yi rana, don wata uku bayan haɗarin yaƙi ya tashi.

NAKIYA MAI JI

Nakiyar da aka saba da ita a da ƙwallon ƙarfe ce mai ƙahoni, ɗaure da waya, sai jirgi ya taɓa ta ta ke fashewa. A 1939 Jamus suka zo da wata wadda ke kwanciya a ƙasan ruwa, tana da allurar maganaɗisu a ciki. Da jirgin ƙarfe ya gitta bisanta sai allurar ta motsa. Jirage suka yi ta nutsewa ba a san dalili ba, har ran 23 ga Nuwamba, 1939, aka tsinci guda cikin laka a Shoeburyness, bakin kogin Tems. Wani hafsa, John Ouvry, ya kwance ta da kayan aiki na tagulla, bayan ya fid da duk wani ƙarfe daga aljihunsa. A 1940 sai ga wata mai kunne, wadda ƙarar injin jirgi ke tashe ta. A 1944 kuma aka kawo wadda ke jin canjin nauyin ruwa in jirgi ya wuce.

Mai karatu ya duba halin da mai nutso ya shiga. Famfon da ke tura masa iska yana ƙara, kumfan da ke fita daga kwalkwalinsa yana ƙara, kayansa kuma akwai baƙin ƙarfe. Kusantar irin wannan nakiya da tsohuwar riga kiran ajali ne. Abin da a ke bukata shi ne numfashi marar ƙara, marar kumfa, marar ƙarfen da maganaɗisu ke ji. Jakar Davis ce mafi kusa da haka.

Su ma abokan gaba sun san amfanin irin wannan jaka. Ran 19 ga Disamba, 1941, sojan Italiya shida suka shiga tashar Iskandariya ta Masar ta ƙarƙashin ruwa, suka dasa wa manyan jiragen yaƙi biyu, Queen Elizabeth da Valiant, nakiya, suka nakasa su. A Jibralta ma suka riƙa fitowa da dare daga wani tsohon jirgin mai, Olterra, suna liƙa wa jiragen kaya nakiya a ciki. Waɗanda aka sa su tsare tashar, cikinsu har da Lionel Crabb wanda ya iso a 1942, ba su da kayan nutso na kirki. Jakar tsira ta Davis suka rataya, daga su sai gajeren wando da takalmin roba, suna bin cikin jirage da tafin hannu suna ɓamɓare nakiyoyi. Abin da aka yi don mutum ya gudu daga ruwa, sai ga shi da shi a ke shiga ruwan.

DAFIN OKSIJIN

A nan aka ci karo da babbar matsala. Jakar oksijin zalla ta ke bayarwa, oksijin kuwa, ko da ya ke shi ne rai, in ya yi yawa dafi ne. Ruwa yana da nauyi. Duk ƙafa 33 da mutum ya sauka, an ƙara masa nauyi daidai da na iskar duniya duka. Saboda haka wanda ke shaƙar oksijin zalla a ƙafa 33 yana shan kusan ninki goma na abin da jikinsa ya saba. Wani malamin Faransa, Paul Bert, ya nuna tun 1878 cewa wannan ya kan jawo farfaɗiya. Wani lokaci leɓe ya kan fara rawa, wani lokaci babu ko gargaɗi. Farfaɗiya a ƙasan ruwa kuwa, mesa ta fita daga baki, mutuwa ce.

A 1941 jiragen saman Jamus suka rushe masana'antar Lambeth da bom. Davis, yana da shekara 70 da 'yan kai, ya tattara aikin a sabuwar masana'anta a Tolworth, kudu da Landan. A can a 1942 sojan ruwa suka kafa sashen gwaje-gwajen nutso, cikin gidansa, da tankunansa. Wani matashin likita, Kenneth Donald, ya yi gwaji wajen 2,000 da sojan da suka ba da kansu. A kan sa mutum cikin tukunyar ƙarfe mai ruwa, a matsa iska, a jira har leɓensa ya fara rawa ko ya faɗi, sa'an nan a fizgo shi. Shi kansa Haldane farfaɗiyar gwaji ta murƙushe masa ƙashin baya, dodon kunnensa ma ya fashe.

Abin da Donald ya gano ya tsorata kowa. Juriyar mutane ba ɗaya ba ce, kai, ko mutum guda, wanda ya jure yau gobe sai ya faɗi cikin 'yan mintoci. Dafin ya fi saurin kamu cikin ruwa bisa ga busasshen ɗaki, ya kuma fi kama mai aiki bisa ga wanda ke zaune. Don haka aka yanke cewa da oksijin zalla kada a wuce ƙafa 25. Amma gindin tashar jiragen ruwa sau da yawa ya fi haka zurfi.

Maganin shi ne a surka, kamar yadda a ke surka ruwan zafi. Aka riƙa cika kwalabe da oksijin gauraye da naitirojin, suna tsiyaya cikin jaka a hankali ba yankewa, rarar kuma tana fita kaɗan-kaɗan ba ƙara. Aka kau da baƙin ƙarfe daga kayan. Wanda ya fi tsayawa kan wannan aiki ta wajen soja shi ne John Mould, mai zanen gine-gine daga Ostareliya wanda ya koma kwance nakiya, tare da ɗan ƙasarsu Leon Goldsworthy. Su suka san abin da mai kwance nakiya ke so, likitoci suka san abin da jiki zai ɗauka, gidan Davis kuma ya ƙera.

CIKIN LAKA

Amfanin wahalar nan ya fito a 1944. Sojan taron dangi sun sauka Faransa ran 6 ga Yuni, ranar da Davis ya cika shekara 74, amma rundunar da ba ta da tashar sauke abinci da mai da harsashi ba ta tafiya nesa. Jamus kuwa duk tashar da za su bari sai sun cika ta da nakiya. Aka kafa ƙungiyoyin masu nutso na share tasha, yawancinsu samari. A kan shimfiɗa igiyoyi a ƙasan ruwa kamar kunyoyin gona, kowa ya kama tasa yana rarrafe cikin laka, ba ya ganin ko tafin hannunsa, yana lalube. In ya taɓa abu sai ya ba da alama, hafsa ya sauko.

Da haka suka share Cherbourg a Faransa daga watan Yuli. An kama Antwerp ta Beljiyam ran 4 ga Satumba, amma sai ran 28 ga Nuwamba ayarin jiragen kaya na farko ya shiga, bayan an kori abokan gaba daga bakin kogin, an kuma share shi da tashar. A watan Mayu na 1945, a tashar Bremen ta Jamus, wani hafsan Ostareliya, George Gosse, ya kwance nakiyar nan mai jin nauyin ruwa da lalube cikin duhu, aka ba shi lambar George Cross, irin wadda Mould da Goldsworthy suka samu.

Bayan yaƙi aikin ya zama sana'a mai zaman kanta. A 1952 sojan ruwan Ingila suka kafa reshen masu nutson share nakiya, gidan Siebe Gorman ya yi musu na'ura ta musamman. Aka tsai da ma'auni uku: oksijin kashi 60 cikin 100 har ƙafa 80, kashi 40 har ƙafa 140, kashi 32 da rabi har ƙafa 180. Ko da ya ke tun 1943 Jacques Cousteau da Emile Gagnan a Faransa sun fito da kwalabar goyo mai sauƙin aiki wadda masu nutson shaƙatawa suka runguma, ita tana zubar da kumfa da ƙara, don haka masu nakiya suka tsaya ga jakarsu. Masu wannan sana'a suna cikin waɗanda suka share mashigin Suwez a 1974, har aka sake buɗe shi a 1975.

ƘARSHENSA

Davis bai bar aiki ba sai da ya kusa shekara 90. Ya rubuta babban littafi kan nutso, Deep Diving and Submarine Operations, wanda aka yi ta sake bugawa, masu sana'ar suka daɗe suna koyo daga cikinsa. Ya rasu a garin Epsom ran 29 ga Maris, 1965, yana da shekara 94.

Ba za mu ce shi kaɗai ya yi aikin nan ba. Fleuss ne ya ƙago, Haldane da Donald suka auna, Mould da abokansa suka sa wuyansu, samari da yawa waɗanda ba a rubuta sunansu ba suka sha farfaɗiya cikin tukunya. Rabon Davis shi ne ya riƙe abu guda bai sake ba, in aka nuna masa aibin na'urarsa ya gyara, ya kuma buɗe gidansa ga wanda ya fi shi sanin jikin ɗan Adam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai da mai gidan da za a ɗora jinkar a kansa.

Na'urorin yau suna da 'yan ma'aunai na lantarki masu auna oksijin a kowane lokaci su ƙara da kansu, a zurfi kuma da iskar hiliyam a ke surki. Akwai ma 'yan injuna marasa mutum da a ke aikawa su fara dubawa. Duk da haka har yanzu ana tsintar nakiyoyin yaƙe-yaƙen nan biyu a tekun arewacin Turai, daga 2022 kuma aka zuba sababbi a Baƙin Teku, hanyar da alkama ke bi zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Dalar gyada ta ɓace daga Kano, amma yawancin kayan da ke cike da rumfunan kasuwar Sabon Gari ta teku suka zo. Duk inda aka ce sai mutum ya sauka da kansa, abin da ke jikinsa jaka ce da gwangwani da kwalba, kamar dai yadda yaron aiken nan na Lambeth ya bar su.